Kwamfutar tebur tana ƙin tashi: waya ce ko akwatin wuta?

Laminu: Assalamu alaikum ƴan gida. Ina neman shawarar manya. Kwamfutar tebur ce ta haɗi, a jikin akwatin wutarta, wato wanda ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan ciki, an rubuta 450W. Wani lokaci ta tashi lafiya, wani lokaci ko fitila ba ta kamawa sai an motsa wayar daga baya. Bakin wayar da ke shiga bayan kwamfutar ya yi baƙi ta gefe ɗaya, yana kuma warin ƙonanniyar roba. In canza waya kawai, ko akwatin wutar ne ya tafi?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam Laminu. Kafin komai ka zare wayar daga bango, kada ka sake jona ta. Baƙin da ka gani tartsatsi ne ya yi shi. Ƙarafan da ke cikin bakin wayar sun saki, ba sa riƙe ƙafafun akwatin wuta da kyau, sai kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa tsalle a tsakani. Haska tocila cikin ramin da ke bayan kwamfutar ka duba ƙafafun nan uku. In suna sheƙi kuma ba sa girgiza, waya kaɗai za ka canza. In ɗaya ta yi baƙi, ko robar gindinta ta narke, sabuwar waya ma za ta ƙone a wurin, domin ƙarfen da ya ci wuta ba ya sake haɗuwa da kyau.

Wayar da kake nema ita ce mai baki C13, ramin da take shiga kuma C14 ne, an yi su don ampiya 10 da volt 250. Yawancin ekaran na tebur, wato allon kallo, irinta suke amfani da ita, don haka ari ta ekaran ka gwada kafin ka kashe ko dala.

Sanusi: Ni dai a ganina waya waya ce. Kwamfutar ofis ba ta cin wat 150, a kan volt 220 ko ampiya ɗaya bai cika ba. Duk wadda ya samu a Kasuwar Dole za ta ɗauka.

Malam Isufu: Lissafinka daidai ne Sanusi, sai dai ba a tsakiyar waya wuta ke tashi ba, a bakinta ne. Wayar da aka yi ƙoron jan ƙarfe a cikinta, ƙarafan bakinta ma na gwangwani ne marasa ƙarfin matsewa, wata biyu sun buɗe. Ga kuma abin da ya fi wannan: akwai wayoyin da in ka yanka za ka tarar zare biyu ne kawai a ciki, ƙafa ta uku ado ce, ba a haɗa ta da komai ba. Wannan ba ruwansa da yawan ampiya, maganar rai ce.

Hajiya Rakiya: Ina bayan Malam. Laminu, ga yadda za ka gane ta kirki tun a gaban mai shago. Karanta rubutun da ke jikin robar. Ka nemi H05VV-F 3G0.75 ko 3G1.0. Lambar 3G na nufin zare uku har da na ƙasa, wato wanda ke kai wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa, 0.75 ko 1.0 kuma kaurin jan ƙarfen ne a murabba'in milimita. Waɗanda suka zo da kayan Amurka za ka ga 18AWG, kaurin ya yi kusa da na 0.75, amma ka duba volt ɗin da aka rubuta a kan, da yawa 125 ne, ka bar su. Rubutu ana iya buga na ƙarya, don haka ka ɗaga ta a hannu: ta kirki tana da nauyi, tana lanƙwasa ba tare da ta yi ƙwari ba. In kana da maganaɗisu ka goga a jikinta. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, in ta manne to baƙin ƙarfe ne aka shafa wa launi. Alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe shi maganaɗisu ba ya tona shi, rashin nauyi ke tona shi.

Sannan awo da mita, wato na'urar auna lantarki, waya a zare daga ko'ina. Juya mita zuwa wurin ƙara ko om 200, om shi ne ma'aunin turjiyar waya. Fara haɗa tsinkayen mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, yawanci 0.2 zuwa 0.5. Sa tsinke ɗaya a ƙafar kan waya, ɗayan a ramin C13. Kowace ƙafa rami ɗaya tak za ta yi ƙara da shi, kuma kada awon ya kai om 1, domin tsawon mita ɗaya da rabi na jan ƙarfe mai 0.75 bai wuce om 0.04 ba. Ramin tsakiya, wanda ya fita daga layin sauran biyun, shi ne na ƙasa. Kana cikin awo ka riƙa lanƙwasa wayar kusa da kawunanta biyu, nan ne zare ke karyewa a ɓoye. Ƙarar ta yanke ko sau ɗaya, jefar da ita.

Mutari: Hajiya, tambaya gare ni. Wayoyin da ke zuwa daga Kano masu ƙafa uku masu faɗi ne, piriz ɗinmu na bango kuma na zagaye. Sa adafta ya wadatar?

Hajiya Rakiya: Ƙanena, yawancin ƙananan adaftan nan ƙafa biyu gare su, suna yanke layin ƙasa, kuma nauyin kan wayar yana sa su lilo a bango har su fara tartsatsi. Ka nemi waya mai ƙafa biyu zagaye masu kauri, milimita 4.8, da rami a fuskarta inda ƙarfen ƙasa na piriz ke shiga. Siraran nan masu milimita 4 na caja da rediyo ne, ampiya 2.5 kawai aka yi su. Wani abu kuma game da mai ƙafa faɗi: akwai fizibil a cikin kanta, wato ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, na ampiya 3, 5 ko 13. Sau da yawa ana jefar da lafiyayyar waya alhali fizibil ne ya tsinke. Na 5 ya ishi kwamfutar ofis. Kada a naɗe shi da zaren waya ko takardar sigari.

Alhaji Mamman: In wayar mai kyau ce, ba laifi a yanke kan a ɗaura na zagaye mai ƙasa. Ruwan ƙasa shi ne mai wuta, shuɗi shi ne abokinsa, mai kore da ruwan ɗorawa shi ne na ƙasa. A bar na ƙasa ya fi sauran tsawo kaɗan, yadda in an fizge waya shi zai tsinke a ƙarshe. A matse robar waje da maƙalar da ke cikin kan, ba zaren ciki ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗi a tsakiyar waya da salatif. Zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan yana narkar da gam ɗin, ya bar ƙarfe tsirara a ƙarƙashin tebur.

Laminu: Na gode manya. Ƙafafun bayan kwamfutar lafiya lau suke. Na sa sabuwar waya mai 3G1.0, yanzu tana tashi. Amma sai an danna sau biyu ko uku, kuma tana mutuwa ta sake tashi da kanta in an buɗe aiki mai nauyi. Jikinta ma yana ɗan cizo in an taɓa bayan.

Malam Isufu: Abu uku ne daban, kada ka haɗa su. Cizon jiki rashin layin ƙasa ne a ginin. A ƙofar kowane akwatin wuta akwai ƙananan kondansata, wato ƴan kayan da ke tara wuta su sake ta, da ke zubar da ɗan kuran zuwa jikin ƙarfe. In babu ƙasa, jikin yana tsayawa a wajen rabin wutar bango, mita za ta nuna maka kusan volt 110. Kuran ɗin kaɗan ne, shi ya sa yake cizo kawai, amma yana iya kashe bakin USB ko na ekaran lokacin jona waya, kuma ranar da wani abu ya fashe a ciki babu inda wutar za ta bi sai jikin mutum. Maganinsa mai aikin lantarki ya kafa sandar ƙasa ya ja waya zuwa piriz. A ƙasarmu mai yashi da duwatsu sai an nemi wuri mai laima. Kada kowa ya haɗa na ƙasa da shuɗin waya wai don a huta.

Kafin ka zargi akwatin wuta, auna bango. Mita a kan V mai alamar igiya, lamba 600 ko 750. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, volt 220 ce a ƙa'ida, hertz 50. Auna a ralanj ɗin da kwamfutar ke ciki, wato wayar ƙari mai ramukan jonawa da yawa, ba a bango kaɗai ba, kuma kana kallo a kunna sauran kayan ɗakin. In akwai injin buga takarda na leza a ralanj ɗaya da ita, raba su. Lokacin da yake ɗumama yana jan ɗaruruwan wat a take, wutar ta faɗi, kwamfuta ta sake tashi.

Laminu: Malam, 218 a bango, 216 a ralanj, kuma babu injin bugawa a kai.

Sanusi: To ai shi ke nan, ka yi gwajin ƙarfen maƙala takarda. Kashe madannin bayan akwatin, zare waya, cire duk igiyoyin da ke zuwa babban allo, wato allon ciki da duk kayan kwamfutar ke haɗe da shi, da faifan ajiya. A babban kai mai rami 24 akwai koriyar waya guda ɗaya, rami na 16 ke nan. Lanƙwasa ƙarfen ka haɗa ta da baƙar da ke gefenta, 15 ko 17. A tsohon kai mai rami 20 koriyar tana na 14. Mayar da waya, kunna. Fanka ta juya, akwati lafiya. Ba ta juya ba, ya mutu.

Hajiya Rakiya: Matakan daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba, ta fuska biyu. Fanka tana juyawa ko da volt 12 ya faɗo zuwa 8, don haka juyawarta na nuna akwatin ya amsa kira ne kawai. Kuma akwai sababbin akwatuna da fankarsu ba ta motsi sai sun yi zafi ko nauyi ya hau kansu, ka ga za a jefar da mai lafiya. Kwamfutar Laminu tana tashi, mun riga mun san fanka za ta juya. Abin da muke so mu sani shi ne lambobin.

Laminu, mita a kan V mai miƙaƙƙen layi, lamba 20. Baƙin tsinke a kowace baƙar waya. Fara da shunayyar waya, rami na 9, tun kafin ka sa ƙarfen. Wannan layin jira ne, yana da volt 5 muddin waya na bango, shi ke ciyar da da'irar da ke sauraren madannin kunnawa. In ya yi rauni, alamar farko ita ce sai an danna sau da yawa. Bayan ka sa ƙarfen, ƙa'idar ATX, wadda akwatunan wutar kwamfutar tebur ke bi, ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa:

ruwan lemo, 3.3: daga 3.14 zuwa 3.47
ja, 5: daga 4.75 zuwa 5.25, haka ma shunayya
ruwan ɗorawa, 12: daga 11.4 zuwa 12.6
shuɗi, 12 na ƙasa da sifiri: an ba shi kashi 10, daga 10.8 zuwa 13.2

Ruwan toka, rami na 8, shi ne saƙon da akwati ke aika wa babban allo cewa wuta ta daidaita. Yana hawa zuwa wajen volt 5 cikin kashi ɗaya zuwa biyar cikin goma na daƙiƙa bayan kunnawa. In ya zauna a sifiri, fankoki za su yi ta juyawa amma ekaran baƙi. Farar waya ta rami na 20 in babu ita kada ka damu, an daina sa ta tuntuni.

Mutari: Hajiya, in duk wayoyin baƙaƙe ne fa, babu launi?

Hajiya Rakiya: Juyo ramukan su kalle ka, maƙalar tana sama. A layin sama ƙirga daga hagu, na huɗu shi ne 16, na biyar 17. Ƙirga sau biyu kafin ka sa ƙarfe.

Alhaji Mamman: Ku ƙara da gargaɗi saboda masu karatu, domin kwamfutocin ofis na hannu sun fi yawa a Damagaram. Dell, HP da Lenovo da yawa ba su bi tsarin rami 24 ba. OptiPlex 3020, 7020 da 9020 kai mai rami 8 gare su, wasu HP mai 6, wasu Lenovo mai 14 ko 10, kuma akasarinsu volt 12 kaɗai suke fitarwa, babban allo ke rage shi. Kada a bi launi da ka a kansu. Dell da yawa suna da ɗan madanni da fitila a bayan akwatin: a danna, fitila ta kama ta tsaya, akwatin ya ci gwajin kansa. In ba ta kama ba, a cire igiyoyin ciki a sake dannawa. Ta kama a lokacin, to wani abu ne a ciki ke gajarta wuta, sai a mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a gano shi.

Sai jan madannin nan na 115 da 230 da ke bayan tsofaffin akwatuna. Kwamfutar da ta zo daga Amurka tana iya zuwa a kan 115. A jona ta haka a wutarmu, ƙara ɗaya za a ji da hayaƙi. A duba shi kafin a jona kowace kwamfuta ta hannu. Wanda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba shi da madannin, shi ke daidaita kansa.

Laminu: Ga abin da na samu. Shunayya 4.4. Ja 5.1, ruwan lemo 3.3, ruwan ɗorawa 11.9, ruwan toka 5.

Sanusi: Ban da shunayya ai duk suna cikin iyaka.

Malam Isufu: Suna ciki domin babu abin da ke jan su. Laminu, ɗora masa kaya. Nemi ƙwan fitilar mota mai volt 12. Na wat 21 yana jan ampiya 1.75, na babbar fitila mai wat 55 yana jan wajen 4.6. Haɗa shi tsakanin ruwan ɗorawa da baƙi a ɗaya daga cikin kawunan nan masu rami huɗu, ka ajiye shi a kan siminti domin yana zafi sosai. Jona tsohon faifan ajiya ma, saboda akwatuna masu araha suna daidaita layin 5 da na 12 tare, in ɗaya ba shi da kaya ɗayan yana karkacewa ya ruɗe ka. Wanda ya fi duka shi ne a mayar da akwatin cikin kwamfuta, a cusa tsinken mita ta bayan kai inda waya ke shiga, a buɗe aikin da ke kashe ta ana kallon lamba. A yi hattara kada tsinke ya taɓa rami biyu.

Laminu: Da ƙwan 55 da faifai, ruwan ɗorawa ya sauko 10.9, lambar kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Malam Isufu: Akwatin ne. Wat 55 bai kamata ya girgiza akwatin da aka rubuta wa 450 ba. Layin jira a 4.4 ya bayyana wahalar tashi, faɗuwar 12 ta bayyana mutuwa a tsakiyar aiki. Kusan kullum kondansatan fita ne suka bushe. Rayuwarsu tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10 na zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe iska, ga zafin bazara sama da digiri 40. Kada ka ci gaba da aiki da shi, wutar da ke rawa tana lalata faifan ajiya.

Alhaji Mamman: Wannan ai gyara ne mai sauƙi. Kondansata huɗu ko biyar masu digiri 105, irin masu ƙaramar turjiya, da ƙaramin nan na da'irar jira. Kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabon akwati ba. Me ya sa za mu riƙa zubar da abin da ke gyaruwa?

Hajiya Rakiya: Alhaji, a hannunku gyara ne, ban musa ba. Amma Laminu ba mai gyaran lantarki ba ne, kuma zauren nan yara masu koyo suna karantawa. Babban kondansatan shiga yana riƙe wajen volt 310, a sababbin akwatuna kusan 400, kuma yana iya riƙe shi bayan an zare waya. Wanda bai san yadda ake sauke shi da awonsa ba kada ya kwance sukurori huɗun nan. Bayan haka, akwatin da ba shi da suna, marar nauyi, ko an canza masa kondansata bai taɓa zama 450 na gaskiya ba. Araha ba ta ado.

Alhaji Mamman: A kan buɗewa na yarda da ke ɗari bisa ɗari, ya kai wa mai sana'a. A kan zubarwa ina nan a kan bakana in akwatin na kirki ne, musamman na Dell da HP da samun madadinsu ke da wuya a nan, sai an aika Maraɗi ko Kano. Laminu, karanta mana takardar jikinsa: ampiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin +12V?

Laminu: 14A, Alhaji.

Alhaji Mamman: 14 sau 12, wat 168 ke nan. Canza shi kawai, wannan bai cancanci dalma ba.

Hajiya Rakiya: In za ka saya, wannan layin za ka fara karantawa, ba babbar lambar kwali ba. Akwatin zamani na 450 na gaskiya yana ba da ampiya 35 zuwa sama a layin 12. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, 300 zuwa 350 na gaskiya ya isa har da saura. Tabbatar yana da kai mai rami 24, da na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai 4 ko 8, da kawunan SATA, waɗanda ke ba faifan ajiya wuta, adadin faifanka. Na furosesa mai 8 da na katin hoto mai 8 sun yi kama amma wayoyinsu a juye suke, in bai shiga da sauƙi ba kada ka tilasta. In akwatin mai igiyoyin cirewa ne, yi amfani da nasa kaɗai, igiyar wani kamfani tana iya shiga ramin ta aika 12 inda ake jiran 5.

Mutari: Malam, ondila, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, za ta hana irin wannan?

Malam Isufu: Tana kare shi daga ɗaukewa da dawowar wuta farat ɗaya, ba ta kare shi daga zafi da ƙura. Ɗaga kwamfutar daga ƙasa, bar tazarar tafin hannu tsakanin bayanta da bango, a busa ƙura bayan hunturu ana riƙe da fanka kada ta yi ta gudu. Wajen zaɓen ondila a lura VA ba wat ba ne, mai 650VA wajen wat 360 zuwa 390 take ɗauka, ya ishi kwamfutar ofis da ekaran, ban da injin leza. Sababbin akwatunan da ke karɓar 100 zuwa 240 wasunsu ba sa jituwa da ondila ko injin sola mai fitar da wuta mai matakala, suna mutuwa daidai lokacin sauyawa, don haka a gwada: kwamfuta na aiki, a zare ondilar daga bango a gani. A kan gurup, wato janareta, kuma a bari ya daidaita kafin a kunna, a kashe kwamfuta kafin a kashe shi. Da damina in hadari ya taso da walƙiya, zare wayar daga bango gaba ɗaya, har da ta intanet.

Laminu: Na sa sabo mai 350, an rubuta 27A a layin 12. Shunayya 5.05, ruwan ɗorawa 12.1 a zaune, 11.95 da aiki mai nauyi. Dannawa ɗaya take tashi. Sai dai agogonta yana komawa baya duk lokacin da aka zare waya.

Hajiya Rakiya: Lambobin sun yi kyau. Agogon kuma ba ruwan akwatin wuta, batirin babban allo ne, CR2032 mai volt 3. Zare waya, danna madannin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wuta ta fita, tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin zai ɗago da kansa. Sa sabo alamar + tana sama, sannan ka shiga BIOS, wato shafin saiti na farkon tashin kwamfuta, ka gyara kwanan wata da lokaci.